Mamman Shata, Yaron Musawa Da Aka Hana Waƙa

 

Abin da ya sa na ɗauko tarihin da za ku karanta a filinmu na yau, wata takarda ce da wata 'yar'uwarmu ta aiko mini daga wajen Malumfashi. Kukanta a kan ɗanta na fari ne. Yaron ya gama sakandare, ya ƙi gona, ya ƙi kasuwa, ba shi da aiki sai toshe kunne da waya yana zuba magana da sauri da sauri a kan kiɗa, irin waƙar nan ta baƙaƙen fatar Amurka da ake kira hip hop. Ya manna hoton wani mawaƙinsu mai suna Tupac a bangon ɗaki, ya ce shi ma waƙa zai yi, daga nan kuma ya shiga fim. Uban ya yi rantsuwa zai kore shi daga gidan. Ita kuwa ga ta a tsakiya, ta bi miji ta rasa ɗa, ta bi ɗa ta ɓata da miji. Shi ne take tambaya, ina mafita?

To, 'yar'uwa, ni ba ni da laya ko rubutun sha da zan aiko miki. Abin da nake da shi labari ne, labarin wani yaro da aka haifa a Musawa, nan kusa da ku, wanda shi ma mahaifinsa ya tsaya kai da fata a kan ba zai yi waƙa ba. Ke da sauran masu karatu duk kun san shi, ko kun san muryarsa. Amma ina so yau ku dube shi da idon uwa, ku ga daɗin abin, ku ga kuma ɗacinsa, don duka biyun akwai su.

An haifi Alhaji Mamman Shata a garin Musawa cikin shekarar 1923, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya, Bafillatana ce daga cikin Fulanin da ake kira Fulata Barno, watau waɗanda suka taso daga ƙasar Barno suka zauna a ƙasar Hausa. Ziyarar dangi ce ta kawo ta, Allah Ya haɗa ta da Ibrahim Yaro aka yi aure. 'Ya'ya uku ta haifa masa, Mamman shi ne na tsakiya, da wansa, da ƙanwarsu mace. An sa shi makarantar allo kamar kowane ɗan Musulmi. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, ba su gaji roƙo ba ta uwa ko ta uba, kuma a nan ne duk rigimar take.

Ku 'yan baya, sai kun yi haƙuri in bayyana muku yadda abin yake a wancan zamani, in ba haka ba za ku ɗauka dattijon nan mugunta ce ta sa shi hana ɗansa. A da kowace sana'a da gidanta. Ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan mahauci ya yi fawa, ɗan makaɗi ya ɗauki ganga. Wanda bai gada ba ya shiga kiɗa da waƙa, shigege ake ce masa, kuma ana ganin ya zubar da girman gidansu, domin a idon mutane mawaƙi maroƙi ne, mai cin abinci da baki, wanda ke tsayawa a ƙofar wani yana jiran a miƙo. Ga shi kuwa gida ne mai jinin Fulani, inda ake ɗaukar kunya kamar tufafi. Uban yana son ɗansa ya riƙe fartanya ko ya kama fatauci, ya yi aure, ya zauna a gari a san shi da mutunci. Ashe ba abin da mijinki ke so wa ɗanku ke nan ba? Shekara kusan ɗari ta wuce, amma zuciyar uba ba ta sāke ba.

Aka ɗora wa yaro tallan goro, daga baya har da alewa. A nan halinsa na farko ya fito. In ya sayar da goro, kafin ya iso gida ya rabar da ribar ga duk wanda ya gamu da shi a kasuwa ko a hanya, ya dawo hannu rabbana. In an tambaye shi ina kuɗi, sai ya amsa da cewa ya yi shata da su, watau ya watsar da su kyauta. Wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu shi ya riƙa kiransa Mai Shata don tsiya, suna kuwa ya bi shi har kabari. Ku duba fa, sunan da duniya ta san shi da shi asalinsa sunan faɗa ne, sunan yaron da ba ya riƙe kwabo. Na tabbata ran da Lariya ta fara jin ana kiran ɗanta haka ba murna ta yi ba. Wace uwa ce za ta ƙulla wa ɗanta jari da safe, da yamma ya dawo mata da faranti wayam, ta ce madalla?

Inda ya koyi waƙa kuwa, wurinmu ne, mu mata. Bayan an ci tuwon dare, in farin wata ya fito, samari da 'yammata sukan hallara a dandali, 'yammata su yi gaɗa, makaɗi ya saki kalangu, a yi ta rawa har dare ya raba. Akwai wani kiɗa na samari da 'yammata da ake yayi a ƙasar Katsina a lokacin, ana ce masa asauwara, a cikinsa Mamman ya fara buɗe baki. Ba don kuɗi yake yi ba, don nishaɗi ne da burge tsara. To, dandali makaranta ce mai wuyar gaske, duk wadda ta taɓa tsayawa a tsakiyar da'irar gaɗa ta san haka. 'Yammata ba su san kara ba. In baitinka bai zauna ba, a take za su kwashe da dariya su juya maka baya. In ka ambaci wance ka manta da wance, gobe ka shiga uku. Dole ka san sunan kowa, da sunan uwarta, da unguwarsu, da abin da take talla, ka kuma ɗinka shi cikin kiɗa tun kafin makaɗi ya juya. Duk abin da malaman jami'a suka zo suna mamakinsa daga baya, watau yadda Shata ke ƙirƙirar waƙa nan take, a gaban 'yammatan Musawa aka fara gasa shi.

Ko kalangun nan da ya riƙe har ƙarshen ransa, ku tuna ba kiɗan fada ba ne. Kalangu kiɗan mahauta ne a rumfar fawa, da kiɗan 'yammata a dandali, da na gidan biki. Sarakuna nasu tambari ne da kotso da taushi. Shata ya ɗauki gangar Sarkin Pawa da ta 'yan talla, bai musanya ta ba, ya shiga da ita har zauren manyan sarakunan ƙasar nan.

Faɗan gida bai hana shi ba. Zakaran da Allah Ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ya bar talla ya rungumi waƙa gaba ɗaya, ya shiga yawon ƙauyuka. Mutumin da ya fara ɗaga shi ɗan sarautar Musawa ne, Abdullahi Inde, wanda ke aikin En'e a Bakori yana kula da sayen auduga da gyaɗa. Shi ya kira shi ya ce ya dawo Bakori da zama. A can ya yi aurensa na fari, aka haifa masa 'ya mace.

Kada ku wuce wannan zance na auduga da sauri, domin shi ne tukunyar da ta dafa Shata. Ƙasar Funtuwa da Bakori da Malumfashi ƙasar noman auduga ce, kaɗa inji mutanen can. Manomi yakan sha wahala tun daga shuka, matan gida da yara su sha tsinka, in kaka ta yi a cusa a buhu a kai fuloti, malamin auduga ya duba ya ɗora a sikeli, a biya mutum kuɗinsa a dunƙule. Daga nan sai injin gurza na Turawa a Funtuwa, sai jirgin ƙasa. Wannan kuɗi na lokaci ɗaya shi ake biyan haraji da shi, a yi wa iyali tufafi, abin da ya saura a yi aure. Saboda haka da an rufe kasuwar auduga sai bukukuwa su ɓarke ko'ina, ga dillalai da 'yan baranda da direbobin manyan motoci aljihu cike, kowa yana son a faɗi sunansa a gaban jama'a. Waɗannan mutane ba su da sarauta, ba makaɗin fada da zai kula su. Ga kuɗi, ba mai yabo. Sai ga yaro da kalangu wanda ba shi da ubangida ɗaya tak, wanda zai iya wasa kowa. Kun ga ashe gumin matan da suka tsinki auduga a gonakin nan yana cikin abin da ya yi wa Shata riga.

Daga Bakori ya riƙa kai wa Katsina da Kano ziyara da makaɗansa. Ranar da tauraronsa ya fito sosai ita ce ta Bikin 'Yan Sarki a Kano cikin 1952, a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sa'ad da aka yi wa 'ya'yan sarauta wajen goma sha biyu aure a lokaci guda. Irin wannan taro ba makaɗin da ke da suna da zai ƙi zuwa. Baƙo daga ƙauyen Katsina ya yi wasa a nan, aka tashi biki Kanawa suna tambayar ko wane ne. Yana da shekara kusan talatin a lokacin. Ina so mai takardar nan ta lura da wannan lissafi, ta kuma faɗa wa ɗanta: tsakanin dandalin Musawa da bikin Kano akwai shekaru fiye da goma na tafiya a ƙasa, da kwana a zauren mutane, da waƙa a gaban waɗanda ba su ba da ko anini ba.

A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, ya koma Funtuwa, ya zauna can kusan shekara arba'in. Funtuwa mahaɗa ce, hanyar Zariya da ta Gusau da Sakkwato da ta Katsina duk a nan suka gamu, ga tashar jirgi, ga baƙi daga kowace nahiya. Ba a jima ba aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962. Wannan akwati shi ya shigar da Shata inda ƙafarsa ba za ta taɓa shiga ba, watau cikin gidajen kulle. Uwargida tana tankaɗe, ko tana kaɗi, ko tana yi wa kishiya kitso, rediyo na rataye a ƙusa, Shata na yi. Iyayenmu da yawa ba su taɓa ganinsa da ido ba, amma sun haddace shi kamar karatun allo. Faifan garmaho ya zo, kaset ya biyo baya, direbobi suka kai shi Gana da Nijar da Kamaru da duk inda Bahaushe ya kafa zango.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda yake waƙar, don a nan ya bambanta da na gabansa. Makaɗan fada, irin su Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, ko Musa Ɗanƙwairo, ko Sarkin Taushin Katsina, sukan zauna da yaransu su shirya waƙa, a bita har ta zauna. In an zo fage jagora ya ɗauko ɗa, yara su karɓe su ƙarasa masa. Shata bai bi wannan hanya ba. Yaransa amshi ɗaya tak yake ba su, gajere, su yi ta maimaita shi, kalangai na tafe a ƙasa ba tsayawa. Duk sauran nauyin a kansa yake shi kaɗai. Tsakanin amshi da amshi yake duba taro, ya ga wanda ya shigo, ya ga wanda ya miƙe zai yi kari, ya tuna garin da ya kwana jiya, ya ɗaura duka a kan kiɗa. Shi ya sa in kika saurari waƙarsa ɗaya a kaset biyu, sai ki tarar amshi ne kawai ya zama ɗaya, 'ya'yan sun sha bamban. Shi kansa bai san yawan waƙoƙinsa ba. Ya yi wa sarki, ya yi wa attajiri, ya yi wa direba, ya yi wa sarkin bori, ya yi wa daji, ya yi ta ta da mutanen Arewa su tashi su nemi na kansu, ya yi begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da Amurkawa suka sauka a kan wata cikin 1969, kumbon Afolo ma bai tsira ba.

Sa'an nan ga Bakandamiya, waƙar da ya yi wa kansa, inda yake kirari yana ƙalubalantar duk mawaƙin da ke ji da kansa. Sai dariya ta kama ni in na ji yaran yanzu suna cewa cika baki a kan kiɗa, da tsara magana nan take, da yi wa abokin hamayya raddi, wai daga Amurka aka kawo. 'Ya'yana, kakanninku sun sha wannan a tsaye tun ana kashe sule da sisi. Kai, Amurkawan ma sun karanta shi a makarantarsu. Malam Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, a kan Shata ya rubuta kundin digirinsa na dakta a Jami'ar Indiyana ta Amurka cikin 1975.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wurin matan da ya waƙe. A al'adar fada, mace ba a cika jin sunanta a bakin makaɗi ba, sai dai a ce ɗan wance in ana yabon namiji. Shata ya kira mata da sunansu, su a kan kansu. Ya yi wa Kilishi jikar Dikko, matar Sarkin Daura Muhammadu Bashar, jinin gidan sarautar Katsina. Wannan ba abin mamaki ba ne, ta isa. Amma da bakin nan da kalangun nan ya yi wa Hauwa Mai Tuwo. Ku tsaya ku yi tunani. Mace mai tuwon sayarwa, mai tashi da asuba ta hura wuta, hayaƙi ya cika mata ido, ta wuni tana kwasa tana lissafin bashi, yau ga sunanta a gidan rediyo ana jin sa daga Sakkwato har Yola, daidai da na matar sarki. Ya yi wa Indon Musawa ta garinsu, ya yi wa Goshi ta Ɗangude, ya yi wa Lami Shagamu, mai sunan garin nan na ƙasar Yarbawa inda fataken goro Hausawa suka yi sansani. Matan nan da yawansu masu neman na kansu ne, masu abin hannu, waɗanda suka iya tsayawa a fage su yi kyauta kamar kowane namiji. Littattafan tarihi ba su rubuta su ba. In ba don Shata ba, da yau ko jikokin maƙwabtansu ba su san an yi su ba.

Ba na ce muku don Allah da Annabi kawai ya yi ba, a'a, sana'a ce, sun ba shi ya yaba. Amma ai maza ma ba su suke yi. Abin lura shi ne bai raina kuɗin mace ba, bai kuma raina sana'arta ba. Garin Funtuwan nan dai shi ya fitar da Hajiya Barmani Choge, mai kiɗan ƙwarya, wadda ta shekara da shekaru tana faɗa wa mata su kama sana'a har ta rasu a 2013. Ita sai mun ware mata rana guda.

Akwai kuma waƙarsa da yake roƙon mata su yi aure, wadda har gobe ake sa wa zawarawa don tsokana. Ni dai a nan ina da 'yar magana da marigayin. Nasiha ce mai kyau, ba musu. Sai dai matan da ke zaune ba aure, ai ba daga sama suka faɗo ba, wani ne ya rubuta takarda ya miƙa musu. Da ma an samu wadda ta kai ta daɗi an yi wa maza a kan su riƙe auren.

To, kada 'yar'uwarmu ta ce na zo ina zuga ɗanta. Tsoron da Ibrahim Yaro ya ji ba banza ba ne, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Rayuwar mawaƙi rayuwar dare ce, ta otal da kulob da gidan biki. Shata bai ɓoye shan giyarsa ba, har ya yi waƙar nan ta Sha Ruwa da ke wanke mashaya, wadda ta zama taken 'yan mashaya shekara da shekaru. Daɗin kiɗanta bai sa ta zama gaskiya ba, kuma Allah kaɗai Ya san yawan matan da suka kwana da yunwa saboda maigida ya tsaya inda ake kaɗa ta. Ga zambo. In ya so mutum ya kai shi sama, in ya ƙi shi kuwa, sai Gagarabadau ta ba ku labari. Wanda aka yi wa zambo yana da mata da 'ya'ya, su ma da su ake dariya a bakin rijiya. Sa'an nan ga hannun nan da bai san riƙo ba tun yana tallan goro. Jama'a suna yaba kyautarsa, ni ma ina yabawa, amma ku matan aure kun san bambancin mijin da gari ke yabo da mijin da ke kwana a gida. Mutumin da kullum yana kan hanya, yau Kano gobe Maiduguri, wata ce ke zaune da yara in zazzaɓi ya tashi da tsakar dare. Ba a yi wa wannan waƙa.

Shi kuma wancan na jikin bango, tun da ɗanki ya rataya shi, ya kamata ki san ko wane ne. An haifi Tupac Shakur a 1971. Mahaifiyarsa, Afeni, 'yar gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata ce, da cikinsa ta yi zaman kurkuku, kotu ta wanke ta saura wata guda ta haihu. Cikin talauci ta rene shi. Abin da yaranmu ba su cika sani ba shi ne ya zauna a aji ya koyi wasan kwaikwayo a wata makarantar fasaha a birnin Baltimore tun kafin a san shi. Shi ya sa da ya fito a fim ɗin Juice a 1992, da Poetic Justice a 1993 tare da Janet Jackson, aka ga gwaninta. A 1995 ya yi wa uwarsa waƙa, Dear Mama, yana gode mata bisa wahalar da ta sha, bai kuma ɓoye rauninta ba. Yaro mai basira ƙwarai. Amma a can zambo ba ya tsayawa a baki. Ya shiga gaba da wasu mawaƙa, ya yi tarayya da mutanen banza, ya yi zaman gidan yari. A watan Satumba na 1996 aka harbe shi cikin mota a Las Vegas, ya cika bayan kwana shida, yana da shekara 25. Uwar ce ta ga mutuwar ɗa. A shekarun da aka rufe wa Tupac ido, Shata ko bikin Kano bai kai ga zuwa ba.

Mu koma kan namu. Ya taɓa siyasa, da yake mutum ne da ba ya iya yin shiru. A shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, wadda Musawa ke ƙarƙashinta a lokacin. Ku duba ikon Allah, garin da aka ji kunyar ya zama maroƙi, su ne suka jefa masa ƙuri'a. A Jamhuriya ta Uku ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa, bai daɗe ba suka saɓa da manyan jam'iyya aka tuɓe shi. Wannan bai ba kowa mamaki ba. Waƙa ta kai shi Ingila da Amurka, Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, kuma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yafa masa alkyabbar dakta, shi da bai taɓa zama a ajin boko ba.

Saboda haka, 'yar'uwa ta Malumfashi, ga abin da zan ce miki. Kora ba ta raba yaro da waƙa, gida kawai take raba shi da shi, ta miƙa shi ga waɗanda kike tsoro. Ki lallashi malam ya janye rantsuwar nan, ya yi kaffara in ta kama. Shi kuma yaron ki zaunar da shi ki ce ya yi miki waƙar da Hausa, a gabanki da ƙannensa mata, ba a ƙuryar ɗaki ba. Su za su faɗa masa gaskiya kamar yadda 'yammatan Musawa suka yi. In abin da yake faɗi ba zai iya faɗinsa a gaban uwarsa ba, kin sami amsa, shi ma ya samu. In kuwa kin ji tsigar jikinki ta tashi, to, a yi sharaɗi: da damina gona, da rani sana'a, waƙa bayan an ci tuwon dare. Ki kuma tuna masa Shata ɗaya aka yi. Samarin da suka yi asauwara tare da shi suna da yawa, ba wanda ya san inda suka ƙare.

A ƙarshen rayuwarsa ciwo ya kwantar da shi. An kai shi asibiti a Kano, an kai shi Jidda aka yi masa aiki, ya ɗan sami sauƙi, ciwon ya dawo. Allah Ya yi masa rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ran Juma'a 18 ga Yuni, 1999, yana da shekara kamar 76, makonni uku bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula. Ya bar mata uku da 'ya'ya da jikoki masu yawa.

Mutane sun zaci Funtuwa za a kai shi inda gidansa yake, ko Musawa inda aka yanke masa cibiya. Sai aka ga mota ta miƙi hanyar Daura. Wasiyyarsa ke nan, a rufe shi a garin ubangidansa kuma amininsa, Sarki Muhammadu Bashar, mijin Kilishi. A ranar aka yi masa sutura, Sarki da kansa ya tsaya a kan gawar. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya jiƙan Lariya da Ibrahim Yaro.

Ke kuma mai takarda, in kun yi zaman da yaron, ki sāke rubuto mini in ji yadda kuka ƙare.